Ƙofar da Baba Ya Fasa

Abuja,
14 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga ƙanwata Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da su Nafisa da Suwaiba, da aikin makaranta. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kin dai ji an rantsar da maigidana a majalisa, kuma ya ɗauke ni cikin masu taimaka masa. Aiki ya yi yawa, shi ya sa ban samu zuwa ba.

Dalilin wannan takarda maganar gidanmu ce na Ƙofar Marusa. Bayan damina maigidan zai zo Katsina yawon godiya, ya ce a gidanmu zai ci abincin rana shi da mutanensa. Zan sa a yi fenti a gyara zaure. Amma abin da ya fi damuna ƙofar bayan nan ce da Baba ya fasa. Zuwana na ƙarshe ina zaune a tsakar gida ina shan koko, mata goma sha ɗaya suka wuce ta gabana, wata da tulu, wata da niƙa, wata har da akuya. Wannan gida ne ko titi? Tun rasuwar mijinki ke kaɗai ce da 'yan mata biyu, kuma bara an ɗauke miki rediyo.

Na yi magana da Malam Lado magini. Zai kawo bulo da siminti ya toshe ta. Ki ba shi wuri ya yi aikinsa.

Ki gaishe da yara. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Mudassir Aliyu.


Ƙofar Marusa, Katsina,
21 ga Yuni, 1999.

Yaya Mudassir,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya Anti da yara? Allah ya sanya albarka a sabon muƙami, ya kare ka daga sharrin da ke cikinsa.

Takardarka ta iso, Malam Lado ma ya zo. Na ba shi fura ya sha, na ce ya jera bulonsa a gindin darbejiya sai na ji daga gare ka. Fenti da gyaran zaure na gode. Ƙofa kuwa, Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba.

Wataƙila ba ka san yadda aka yi ba, domin shekarar kana Zariya wajen karatu. Lungun da ke bayanmu gida wajen ashirin ne, yawancinsu mutanen ƙauye da suka zo neman abinci, kuma mafitarsu ɗaya ce, ta bakin kududdufi. Da ruwa ya sauka hanyar takan nutse. Wata rana Baba ya leƙa ta katanga ya ga wata mata cikin ruwa har ƙirji, ta ɗora ɗanta a ka za ta kai shi asibiti. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauko diga ya fasa katangar da hannunsa, ni na riƙa kwashe ƙasar da kwando. Yau shekara goma sha huɗu ke nan.

Ka ce ni kaɗai ce. Ai saboda ƙofar nan ban taɓa zama ni kaɗai ba. Watan azumi zazzaɓi ya kayar da ni, yara suna makaranta. Asabe mai ƙosai ce ta zo wucewa ta ga ɗakina a rufe da hantsi, ta tura ƙyaure ta same ni ba na gane mutane. Ita ta samo mai babur aka kai ni asibiti. Rediyo kuma ɗan Kawu Shehu ne ya ɗauka, kuma ta zaure ya shigo da sallamarsa. Na yi shiru ne don kada a ji mu.

Matan nan goma sha ɗaya da suka hana ka shan koko, ta wannan ƙofar suka bi ranar zaɓe. Kai da kanka ka tsaya a bakin zaure kana ce musu sannunku da fitowa. Idan maigidan naka ya zo, ka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, za su wuce ta gabansa ya yi musu godiyar ba tare da ya sha yawo ba.

Ka yafe mini idan na yi tsauri. Yara suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Furera.


Abuja,
5 ga Yuli, 1999.

Furera,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya.

Na karanta takardarki sau biyu. Ban san koyarwa ta sa kin fara ɗaukar kowa ɗan aji ba. Ba shawararki na nema ba, umarni na ba ki a matsayin wanda Baba ya bari a kanki.

Zamanin Baba daban, yanzu daban. Da kowa ya san kowa, yanzu baƙi sun cika lungun, ba ki san asalinsu ba. Nafisa ta kai sha shida. In wani abu ya faru, ni za a zaga, ba ke ba. Maganar hanya kuma aikin hukuma ne, zan yi ƙoƙari a yi musu kwalbati idan lokaci ya yi.

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna ban taɓa ɗaga maganar rabon gidan ba, don ki zauna da marayunki cikin rufin asiri. Kada ki sa in ɗaga ta. In aka raba, kin san abin da zai zo hannunki bai wuce ɗaki ɗaya da madafa ba.

Na aika wa Lado saƙo dabam. Wannan karon ba zai jira izininki ba.

Wassalam,
Mudassir.


Katsina,
1 ga Agusta, 1999.

Zuwa ga Alhaji Mudassir,

Salamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Alhaji yana lafiya da iyali baki ɗaya. Ni ne Lado magini. Na ga ya fi kyau ka ji daga bakina kafin wani ya kai maka.

Aikin da ka sa ni na yi shi ranar Litinin sha tara ga watan jiya, Malama Furera tana makaranta. Da ta dawo ta tarar da bango, na zaci za ta yi faɗa. Ba ta ce mini komai ba sai sannu da aiki. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Washegari ta kifa turmi a gindin bangon, matan lungu suka kifa nasu ta waje. Ta hau nata, tana tara ruwa a famfo tana miƙa musu bokiti ta sama. Kwana sha biyu ana haka, safe da yamma.

Jiya Asabar aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai azahar. Kududdufi ya cika ya shafe hanya. Cikin ruwan nan Allah ya yi wa Iya Hajo rasuwa, tsohuwar nan mai saida daddawa a ƙarshen lungu. Aka yi mata wanka aka yi sutura aka sa ta a makara, sai aka rasa ta inda za a fita da ita. Mutum huɗu suka gwada ta bakin kududdufi, ruwa ya kai musu wuya, suka juyo. Liman da jama'a suna tsaye a titi gaban gidanku suna jira. Wasu suka ce a ɗaura igiya a tsallakar da makarar ta kan katanga.

Ina cikin masu jiran sai muka ji duka daga cikin gidan. Na yi sallama na shiga, na iske Malama da taɓarya tana dukan bulo, tafin hannunta ya fashe. Na ce, “Malama, ki bari, Alhaji zai yi fushi.” Ta ce, “Malam Lado, Hajo ba kayan niƙa ba ce da za a miƙa ta ta kan bango. Ko ka kama mini, ko ka matsa.”

Alhaji, na koma gida da gudu na ɗauko guduma. Aikin da na yi wuni ina yi, ban kai rabin awa ba na sauke shi. Mazan lungu suka kwashe ɓaraguzan ta can, mata suka shige ɗakuna, aka shigo da makara ta tsakar gidanku aka fita ta zaure. Sai da muka karkata ta kaɗan a ƙofar zauren. Aka yi mata salla kafin la'asar, aka kai ta.

Ragowar siminti tana nan a zaure ban taɓa ba. Duk wani aiki da kake da shi zan yi maka, amma wanga bango kam ka nemi wani. Kuma ban ga maginin da zai karɓa a unguwar nan ba.

Ka huta lafiya.

Naka,
Lado Magini.


Ƙofar Marusa, Katsina,
2 ga Agusta, 1999.

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da yara.

Na ji Malam Lado ya rubuto maka. Kada ka ga laifinsa, ni na fara, kuma da bai zo ba da na ƙarasa ko zan kai magariba. Kwana sha biyu na bar bangon a tsaye don girmanka. Ranar sha uku na ga girman gawa ya fi.

Na san sunan Hajo ba zai tuna maka da kowa ba. Ita ce matar da Baba ya gani cikin ruwa da ɗa a ka. Ɗan bai rayu ba, kuma ba ta sake haihuwa ba. Lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye, kana Legas, ni kuma ina da goyon Suwaiba ina zuwa makaranta. Shekara biyu cur, kullum da sassafe Hajo ke shigowa ta ƙofar nan ta juya Inna, ta wanke ta, ta canza mata shimfiɗa, ta ba ta kunu da cokali. Idan ka zo kakan ce, “Furera, kina ƙoƙari, ɗakin Inna ko wari babu.” Ni kuma in yi shiru in karɓi yabon, domin Hajo ta roƙe ni kada in faɗa. Da ta ji ka iso sai ta ƙi shigowa, wai kunyar ɗan boko take ji. Ranar da Inna ta cika kana hanya. A cinyar Hajo ta cika, ita ta rufe mata ido, ita ta yi mata wanka.

Ban faɗa maka don in sa ka kuka ba. Laifina ne da ban faɗa tun takardar farko ba, na tsaya riƙon alkawari har aka toshe mata hanya a ƙarshen ranta. Kwanakin nan sha biyu ban samu na je duba ta ba sai sau biyu, saboda zagaye da ruwa. Wannan yana cina.

Yanzu maganar rabo. Na yarda, ka kira malamai a raba. Na je wurin Liman na tambaya, ya ce ina iya roƙon a fitar mini da kasona ta inda nake so idan ka amince. To ba na son ɗaki, ba na son madafa. A auna mini tun daga ƙofar baya, a bi ta gindin darbejiya har bakin titi, faɗin da makara za ta wuce ba a karkata ta ba. Shi nake so. Zan bayar da shi sadaka ga Baba da Inna. Sauran gidan naka ne, ka ja katanga ka yi fenti ka sa ƙofar ƙarfe, ba mai wuce maka ta gaba.

Kada ka damu da inda za mu zauna. Tun jiya Asabe ta share mana ɗaki a gidansu, Sabuwa matar Ɗanjuma mai faci ta ce nata ya fi girma, har sun so su yi faɗa a kaina. Da safen nan kuma matan lungu suka zo da tsakuwa da madaɓi, suka daɓe inda ƙafafun masu makara suka kwaɓe. Ina rubutun nan ina jin su.

Ni dai ƙanwarka ce, duk abin da ka ce in yi zan yi, ban da wannan. In kuma ka samo magini daga Abuja, taɓaryar tana nan.

Allah ya ƙara girma, ya jiƙan iyayenmu.

Ƙanwarka,
Furera.


Abuja,
4 ga Agusta, 1999.

Furera,

Wa'alaikumus salam. Takardunku biyu sun iso rana ɗaya. Allah ya jiƙan Hajo, ya sa ta huta.

Na tuna ta. Wata gajeriya mai zane baƙi, na taɓa cin karo da ita a bakin ɗakin Inna da kwano a hannu. Na ɗauka mai talla ce, ko gaishe ta ban yi ba.

Kada ki kwashe ko tsinke daga gidan nan. Maganar rabo sai mun zauna, kuma ba ta takarda za mu yi ta ba. Ki sa magani a hannunki.

Na nemi izini, ina tafe ranar Juma'a in yi ta'aziyya kafin addu'ar bakwai. Ki tambayar mini wa ta bari, ko da dangi na nesa ne. Ban san gidanta ba, sai kin raka ni. Ki faɗa wa matan lungu bayan la'asar wani namiji zai wuce, ta tsakar gida zan bi.

Yayanki,
Mudassir.