Ƙasar Kabo a Ƙullin Leda

Durun, Kabo
3 ga Rajab, 1423

Zuwa ga hasken idona, sanyin randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake fakewa, angona na jiya da yau da gobe.

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta, ya sanyin ƙasar mutane? Baba da Inna suna gaishe ka. Tawa gaisuwar kuwa ta fi ƙarfin takarda, don rabinta hawaye ne.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ka ce bizar aikinka ta ƙare, wata tara ke nan fasfonka na hannun hukumar ƙasar ana jiran sabuntawa. Gurbin ma'aikatan jinya na bana ya cika, mutum dubbai na gabanka a layi. Wanda ya karɓe fasfonsa ya tafi gida kafin a buga masa hatimi, ya rasa layi, ya rasa asibitin da yake aiki. Na gane, wallahi na gane! Amma wata ba ya bin layi, masoyina. Saura wata biyu ba 'yan kwanaki a ga na azumi.

Ko ka manta abin da bakinka ya jawo mana? Ranar tafiyarka, a zauren Baba, da ya ce masu ƙetare teku ba su cika waiwaye ba, zuciya ta ɗebe ka. Ka dafa ƙirji a gaban shaidu, ka ce in azumi na uku ya kama ba ka taka ƙasar Kabo ba, igiyoyin aurenmu uku duk sun tsinke. Uku! Haba zumar zuciyata, ko ɗaya ba ka rage mana ta kamawa ba? Ina bayan ƙyaure a ranar, daɗi kamar in yi guɗa, ina cewa wa ya kai ni miji. Ashe magana zarar bunu ce. Azumi biyu sun wuce, na ukun ne ke tahowa.

Dā ma can haka kake da cika baki. Ka tuna lokacin wahalar mai, muna amarci, da ka ɗauko ni a babur daga Gwarzo, kana rantsuwa ɗan abin da ke tankin zai kai mu gida? Ko rabin hanya ba mu yi ba ya mutu. Ruwa ya goce, kana turawa ina biye, takalmina a hannu, ina yi maka dariya kana cewa laifin iska ne. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin ta ranar ba. Wannan karon fa babu dariya, don ba babur za mu rasa ba.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa a garin nan ya zama malami. A ɗakin malamai na firamarenmu ana lissafa mini kwanaki a fakaice. Baba ya daina haɗa ido da ni, ya san tambayarsa ce ta tunzura ka. Abinci ba ya wuce mini. In na ga jinjirin wata sai in kau da kai, ni da nake kwatanta fuskarka da shi!

Sai wata dabara ta zo mini. Ba "ƙasar Kabo" ka ce ba? To ai ƙasa ƙasa ce! Na ɗebo ta gindin darbejiyarmu, na ƙulle a leda, in aiko ka zuba a ɗakinka ka taka. Yaya Ya'u ya raka ni Gwarzo wurin Malam Hambali, wanda ya ɗaura mana aure, na buɗe masa ƙullin. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya dubi ƙasar, sannan ya ce irin wannan magana niyyar mai ita take bi, ba harafinta ba, kuma kai kaɗai da Allah kuka san abin da ka nufa.

Ni ma na sani. Ina bayan ƙyauren nan. Ba ƙasar leda ka nufa ba, kuma ba zan so mu zauna a kan auren da muka yi wa Allah wayo ba.

Don haka nake roƙonka, ya ruwan farkon daminata: je ka karɓo fasfonka, da hatimi ko babu. Na san abin da ya kore ka. Na san albashin nan ba ya kai tsakiyar wata, na san ciwon da kake ji in ka ce wa majinyaci ya sayo auduga da kansa. Na san shekarun da za su tafi a banza. Amma layi ana sake bin sa, masoyina. Igiya uku fa, wa ke ɗaura ta? Tuwon dawa da miyar kuka ya ishe ni, in dai hannunka na cikin kwanon.

Ga ƙullin nan duk da haka na sa a ambulan. Kada ka taka. Ka shinshina, ka sa a aljihu, ka dawo mini da ita da ƙafarka kafin a ga wata.

Ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, amma yau ina kira: Muhsin, ka taho gida.

Taka har ranar da za a rufe ni da wannan ƙasar,
Matarka, kuma ina roƙon Allah in sha ruwan farkon azumi ina matarka,
Kamila