Na Farke Filon Ɗana da Reza Ina Neman Laya

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu manya da yara. Ni ban yi boko ba, da murya na aiko, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min zance kuma kada ki sa sunana. Roƙona ɗaya, ku bari in kai aya kafin ku yanke min hukunci. Duk zagin da za ku yi min na riga ku yi wa kaina.

Ni tsohuwa ce, na aurar na ga jikoki, kuma a unguwarmu can gida an san ni da sa ido, yarinya ba ta wuce ƙofata da mayafi a kafaɗa ban tsayar da ita ba. Bayan rasuwar maigidana, ɗana ya ɗauko ni in huta a wajensa a Manchester. Ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, Mai Sunan Malam nake ce masa, kuma tsakanina da shi gaisuwa ce da Allah ya yi albarka. Injiniya ne, aikinsa a Birmingham, tsakiyar mako yana kwana wajen ƙanwarsa Auta a Aston, ƙarshen mako ya dawo gida Withington, unguwarsu a Manchester. Matarsa kuwa har yau Amarya nake kiranta, ko da yake 'ya'yanta sun isa makaranta.

Abin da ya fara tsaya min a rai, duk ranar da zai tafi sai Amarya ta bi shi har mota da filo a cikin jaka. Filo fa! Gidan ƙanwarsa babu matashin kai ne? Wata rana ya manta shi, ya yi nisa, ya juyo da mota ya dawo ya ɗauka, namiji da gemunsa. Filon kuma ba irin wanda na sani ba ne. Tudu biyu gare shi kamar kunyoyin gona, ɗaya ya fi ɗaya tsayi, da kwari a tsakani, ga nauyi, in ka danna shi sai ya riƙe shatin tafinka, ya dinga tasowa a hankali kamar mai numfashi. Ranar da Allah ya nufa rana ta leƙo a garin nan na tattara filallukan gidan zan shanya, na ce ta miƙo min nasu. Ta ce, "Mama, don Allah banda na Abban yara. Ba a shanya shi, ba a wanke shi, rigar kawai ake cirewa." Na ce saboda me? Ta ce tun hatsarin motar da ya yi wuyansa ke damunsa, physio ce, wato mai gashin ƙashi ta asibiti, ta auna shi daga kafaɗa zuwa kunne aka haɗa masa daidai jikinsa. Wai dogon tudun na kwanciyar gefe ne, gajeren na rigingine, kwarin shi ke riƙe ƙeya don kada wuya ya lanƙwashe. Na ce to, madalla. Amma a raina na ce, abin da ba ya son rana, ba ya son ruwa, ba a so hannun wani ya taɓa, kuma mai shi ba ya iya kwana sai da shi, a garinmu sunansa ɗaya ne. Ni da idona na ga an farke matashin wani ɗan uwanmu an zaro laya naɗe da gashi. Hatsarin kuma ai ce min aka yi ƙaramin abu ne. Ga shi ina ganin ɗana tsaye yana wanke kwanuka tana zaune tana danna waya, komai sai ya ce bari in tambayi Maman yara. Ku gaya min, wace uwa ce za ta ga haka zuciyarta ba ta raya mata komai ba?

Wata Asabar suka tafi walimar suna, na ce gwiwata ta hana ni. Suna fita na hau bene na shiga ɗakinsu, ni da ko ƙofar ba na ɗaga ido in kalla. Na zuge zif na cire rigar, ta cikin babu zif, na sa reza. Soso ne hawa hawa, fari, da wani shuɗi mai ƙananan ramuka, da wani siriri a ƙasa. Ramukan nan su suka ƙarasa ni, na ce ga maɓoyar. Na dinga zura yatsa ina yagewa ina bismilla, na bi dogon tudun na tsaga shi gida biyu. Wallahi babu komai. Ko zare babu. Na zauna a bakin gadon ɗana da soso a cinyata, gumi na keto min a cikin sanyin nan. Da na zo mayarwa na rasa wanne ne sama wanne ne ƙasa, wanda na yage ya marmashe ya ƙi haɗuwa, sai na ciro ɗankwalina, wanda ita Amaryar ta ɗinka min da Sallah, na nannaɗe na cusa a gurbin, na ɗinke da baƙin zaren da na samu, na mayar da riga. Daga waje ba ka ganin komai.

Ba a jima ba ɗana ya fara saukowa da safe yana juyawa da jiki gaba ɗaya kamar wanda aka ɗaure wa itace a baya. Ina kallonsa yana salla, ko sallama ba ya iya yi sai ya juya har kafaɗa. Sannan yatsunsa suka fara mutuwa, kofin shayi ya suɓuce masa a gabana. Ranar da ya dawo ya ce a kan motorway, babban titinsu, ya kasa waiwayawa, saura ƙiris babbar mota ta bi ta kansa, na shiga bayi na toshe bakina da zani. GP, wato likitansu, ya tura shi hoton wuya, yanzu ana maganar allura a wuya, ana maganar ya ajiye tuƙi, kuma in ya ajiye tuƙi aikin fa? Abin da ya fi ci min rai, da kunnena na ji yana ce mata, "Ai da ba don filon nan ba da ban san yadda zan kasance ba." Yana rungume da abin da ke karya shi, ni kaɗai na sani, ina zaune ina jan carbi ina cewa Allah ya sawwaƙe.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na bi shi Birmingham da sunan ganin Auta, na ja ta kicin na gaya mata. Da farko dariya ta yi har da riƙe ciki, ta ce, "Inna, laya a cikin soson memory foam? Bokan a Ingila ya yi karatu?" Da na zo kan yatsun yayanta sai dariyar ta ɗauke. Na ce ta kai ni kanti in sayi irinsa in musanya ba wanda ya sani. Muka je, baturiyar kantin ta hau tambaya Auta na fassara min: da gefe yake kwana ko rigingine, faɗin kafaɗarsa nawa, mai tauri ko mai laushi, hawa nawa aka sa masa? Ni da ban taɓa haɗa ido da shi da kyau ba, ina zan san yadda yake kwanciya? Muka fito hannu rabbana. Auta ta ce, "Inna, wannan ba atamfa ba ce da za ki ce a ba ki irin ta jikin wance. Awon yana wajen matarsa. Ki faɗa musu, ko ni in faɗa." Nan na yi abin da ya fi na farko muni, na ce in ta buɗe baki ban yafe mata nonon da ta sha ba. Ta dube ni ta ce, "To, Inna." Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na san za ku ce mene ne a ciki, ki faɗi gaskiya mana. To da wane bakin? In na ce wankewa na yi, ga tsagar reza. In na ce reza na sa, za a ce neman me? Sai in dubi yarinyar da ke durƙusawa ta yanke min farcen ƙafa, ta raka ni asibiti, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, in ce mata na ɗauke ki matsafiya? Kuma in dubi ɗan fari in ce na shiga ɗakin kwananka na zauna a kan gadonka? Ni da nake yi wa matan mutane faɗa a kan kunya? In magana ta kai gida wajen iyayenta, da wace fuskar zan koma unguwarmu?

Yau da safe ta kawo min kunu ta zauna kusa da ni. Ta ce physio ta ce mako mai zuwa a zo da filon, za ta buɗe ta duba ko a ƙara hawa ko a rage. Sannan ta ce, "Mama, ki shirya mu tafi tare. Na ga kwana biyu ke ma ba kya barci, na roƙe ta ta auna ki a haɗa miki naki." Na kalli fuskarta ina neman alamar ta sani, ni da ake cewa ba a ɓoye min komai, ban iya karanta komai ba. Na ce Allah ya yi albarka, na ajiye kunun ban sha ba.

In na yi shiru za a buɗe filon a gabana, a gaban baturiyar asibiti, kuma kafin ranar kullum a kansa zai kwana. Zuciyata tana ce min in ɗauke shi in jefa a kwandon sharar maƙwabta a ce ɓata ya yi, amma na san a kan wa laifin zai faɗa, tunda ita ke haɗa masa jaka. Ita zan fara tara in durƙusa mata, ko shi? Ko in kira Auta in janye abin da na faɗa ta gaya musu a madadina? Jama'a, ban saba tambayar kowa ba, ni ake tambaya. Me zan yi?