Mazarƙwailar Inna a Tsakiyar Teku

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Yaya Baba da aikin rake? A gaishe min da Bilki.

Ina lafiya, kada ki damu. Ina nan ina girki a jirgin ruwan da iska ke turawa. Kwana tara ke nan ba mu da wuta, injin gahawa ya tsaya, mai jirgin kuwa in bai sha ba, babu zaman lafiya. Sai na tuna ɗan turmin da kika cusa min a jaka ina ta mita. Na matse shi da gwiwoyina na daka 'ya'yan gahawar, na tafasa a risho, na tace da ƙyalle. Jirgin ya karkata na ɗan ƙone hannu, amma da sauƙi.

Na jefa mazarƙwailarki ta Gubuchi a ciki. Mai jirgin ya kurɓa, ya ce wa ya koya min? Na ce Innata, wadda ba ta taɓa ganin teku ba.

Saura gutsure ɗaya. Na ce masa ta ƙare, Allah Ya yafe min. Kullum da safe nakan buɗe ledar in ji ƙamshin ɗakinki.

Ki sa min albarka.

Ɗanki,
Zulkifilu