Bakina a Gidan Suna

Daren Lahadi, Badariya

Tun magariba na dawo daga Gulma, har yanzu na kasa cin abinci.

A wurin suna Inna ta ce in faɗa wa mata abin da nake bincike a kai a jami'a. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce ƙwayoyin gado kamar fitilu suke, abin da mai ciki ta ci ko ta rasa yana iya kunna wasu ya kashe wasu, har ya taɓa ƙwaƙwalwar jariri da yadda jikinsa zai sarrafa abinci. Ina ta zuba, na manta ƙanwata Balki na zaune a bayana. Ɗanta na fari ya shekara uku bai fara magana ba, kuma ta ɗauki cikinsa ne shekarar da ruwa ya cinye musu shinkafa.

Da zan shiga mota ta biyo ni. Ko sunansa ba ta iya kamawa, don kunyar ɗan fari. Ta ce, "Yaya, wancan yaron, ashe ni niy yi mishi?"

Na ce a'a wallahi, a kan ɓeraye muke aikin, nasa ba wanda ya san dalili. Gaskiya na faɗa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta ce to, ta miƙo mini ƙullin busasshen kifi.

Ga kifin nan, na kasa kwance shi. Abincin ɓera ma sai na auna nake ba shi. Maganar da na ba 'yar'uwata ban auna ba.