Hular Baba

Dir'iyya, bayan garin Riyad
11 ga Janairu, 1986

Zuwa ga matata Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Baba da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya nake, sai dai kewa.

Takardarki ta same ni a gareji, a Al-Sulay. Kin ce idon Baba na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagun kuma yana gani ne kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Wurin nan sau uku na karanta shi. Washegari na tare kafili, wato mutumin da fasfona yake hannunsa, na ce masa shekara biyu muka yi alkawari, ga shi na cika uku, ubana kuma yana makancewa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Abshir." Kin ji dai, kusan albishir ɗinmu ke nan. Ban taɓa jin ya faɗa mini haka ba. Kada ki gaya wa Baba tukuna, amma ina ganin maganar da na yi masa, cewa zan iso kafin shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida, za ta yiwu.

Yanzu ba na gareji. Kafili ya ba Likita Maiwada aron gonarsa ta dabino ya yi hutun sanyi, ya kuma ba shi aron mota da ni. Likita mutumin ƙasarmu ne, shi yake duba mahaifiyar kafili. Ya zo da matarsa Hajiya Turai, sai abokinsa Injiniya Idrisu da ya taso daga Jidda. Tare suka yi makaranta a Zariya. Wuni suke yi gaban gawayi suna shan shayi, suna tuna malaman da suka doke su. Injiniya yana kiran Likita "Kunnen Bado", Likita bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

Sanyin nan ba irin namu ba ne, shiga ƙashi yake yi. Hajiya tana zaune cikin bargo da kwarashi da ulu, tana saƙa wa jikanta riga. Ni kuma in na gama wanke mota sai in zauna a rana in ɗauko hular da nake ɗinka wa Baba. Na gama saman, na shiga zagayen, da zanen nan nasa mai kama da sawun kaza. Kin san tun ina yaro a rumfarsa bai taɓa cewa ɗinkina ya yi ba. Sai ya ɗaga ƙyalle a haske, ya ce layina ya sha giya. Wannan karon ƙidaya zaren yadi nake yi ɗaya-ɗaya. So nake ya ɗaga ta a haske ya rasa abin faɗa.

Kin san wa na tarar yana ban ruwa a gonar? Talle, wanda muka koyi ɗinki tare wurin Baba. Shekararsa bakwai a nan. Na miƙa masa allura ya gwada, hannun ya yi kaushi, ko zare ya kasa zurawa. Ya yi dariya ya mayar mini.

Sai labari mai daɗi. Likita yana da wata al'ada, kallon tsuntsaye. Da sassafe nake kai su can kudu cikin kwari, inda ruwan gari yake gangarawa ya yi rafi. Yana da madubin hangen nesa da littafi mai hotuna, ya duba tsuntsu, ya duba littafi, ya rubuta. Ba ya harbi, ba ya kamawa. Jiya daga nesa na hango ta tsaye a bakin ruwa, baƙin baya, farin ciki, dogayen ƙafafu. Shamuwa, Sailuba. Na ce a raina ita ma a nan take cin rani, tare za mu koma.

Ki gaida Baba da Inna. Ki ce wa Baba ya rage zama a rana.

Mijinki,
Gidaɗo


Dir'iyya
18 ga Janairu, 1986

Zuwa ga Sailuba,

Bayan sallama da tambayar lafiyarku, ina fata ba ki riga kin faɗa wa kowa abin da na rubuta a takardar farko ba. In kin faɗa, laifina ne.

Na ba Talle labarin abshir. Bai yi dariya ba, ya ci gaba da gyaran bakin kwalbati. Can ya ce shi ma an yi masa abshir a shekararsa ta biyu, har ya sayi akwati. Akwatin yana nan a ɗakinsa, a ciki yake ajiye albasa. Na ce ai kafilinsa daban, nawa daban. Ya ce in jira Juma'a in kasa kunne.

Jiya Juma'a kafili ya zo da shinkafa da rago. Na tsaya ina zuba musu ruwan wanke hannu, ina saurare. Injiniya ya nemi ƙarin gawayi, kafili ya ce abshir. Hajiya ta ce tana son dabino ta kai tsaraba, ya ce abshir. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce akuyar gonar ta shiga masa shuka, shi ma abshir. Sau tara na ƙidaya kafin a ɗauke faranti. Ashe kamar "to" ɗinmu ce, wadda ake ce wa mutum don ya tafi. Ni ne na ji ta da kunnen gida.

Likita ya kyauta, ya yi wa kafili maganata a gabana. Kafili ya ce abshir, da zarar sabon direba ya iso. Direban nan tun bara yake isowa. Likita ya dube ni, ya dubi kofinsa. Ban ga laifinsa ba, shi ma baƙo ne, a gonar mutumin kuma yake zaune.

Na karanta wa Likita abin da kika rubuta a kan idon Baba. Ya yi mini tambayoyi, ya ce bai ga mara lafiya ba, ba zai yanke ba, a kai shi asibitin ido. Amma ya ce irin wanda yake rufewa daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi ko idon hagun zai kai damina. Ya ce Allah ne masani. Na san wannan kalmar, ita ba ta ruɗe ni ba.

Yau da safe tsuntsuwar ta sauka kusa. Na nuna wa Likita na ce ga shamuwarmu. Ya miƙo mini madubin. Sai na ga bakinta ja ne wur, ƙafafunta ja, ta kuma fi tamu girma. Ya buɗe littafi ya nuna mini su biyu a shafi ɗaya. Ya ce wannan 'yar arewa ce can ƙasashen ƙanƙara, in ta tashi nan can za ta nufa, ba ta san garinmu Ringim ba. Na mayar masa da madubin na koma mota.

Hajiya Turai za ta gida ƙarshen wata, ta yarda ta kawo muku hular. Don haka na warware zagayen duka. Ta gan ni ta ce, "Gidaɗo, aikin wata biyu kake tsinkewa?" Na ce eh. Wancan ɗinkin lafiyayye ne, na ido ne. Yanzu zare riɓi huɗu nake sawa, kowane sawun kaza ya taso sama yadda yatsa zai iya binsa. Ba ta da kyan gani kamar da. Talle ne yake riƙe mini zare ina murzawa, wannan dai hannunsa yana iyawa.

In hular ta iso, kada ki kai Baba haske. Ki sa masa ita a hannu kawai, ki bar shi ya bi layin. Duk abin da ya faɗa ki rubuto mini shi yadda ya faɗa, ko da cewa ya yi ya sha giya.

In shamuwa ta sauka a tsamiya, kada ku gaya masa. Shi ba zai gan ta ba, bari ya ci gaba da lissafin cewa da sauran lokaci.

Jibi zan koma gareji a Al-Sulay. Ki gaida Inna. Ki yafe mini takardar farko.

Naki kullum,
Gidaɗo