Ɗakin da Kuka Gyara Mini

Zuwa ga angona, jikana na kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da baƙon da Allah ya ba ku. Allah ya raya shi, ya shirya shi, ya sa ya ɗauko hancin uwarsa, don in naka ya ɗauko an cuce shi tun yana cikin zane. Mu nan sai godiya. Kawunka yana fama da garejinsa, matarsa kuma tana fama da ni. Gwiwata ta yi sauƙi. Tari yana nan, mun saba da juna, ranar da ya makara da safe har cigiyarsa nake yi.

Saƙonka ya iso ta bakin kawunka. Ya ce ka ce in zo in ga jariri, in ɗan sha iska kwana biyu in dawo. Da farko na ji daɗi, har na fara tunanin zanen da zan ɗaura in firgita matarka. To amma ni na haifi kawunka. Tun yana yaro, in zai yi ƙarya sai ya sosa ƙeya yana kallon takalminsa. Ranar nan saura kaɗan ya huda ƙeyar. Na ce a raina bari in zuba ido.

Sai ga abubuwa suna fitowa. Matar kawunka ta kwashe kayana ta wanke, har da zannuwan ƙasan akwati waɗanda rabona da su tun kakanka yana raye. Kafinta ya zo wai gyaran ƙofa, amma da na fita alwala na dawo sai na same shi yana auna gadona. Mai kantin magani, wanda da ƙyar yake amsa gaisuwa, shi ne yanzu yake tare ni a hanya yana ba ni labarin kyawun iskar garinku, kamar can aka yanke masa cibiya. Na tambaye shi wa ya gaya masa zan yi tafiya, sai ya hau neman abin da bai ɓata ba a cikin aljihu.

Duk wannan zan iya cewa zargin tsufa ne. Abin da ya tona muku asiri shi ne hayaƙi. Ka san tun da aka kafa masana'antar nan ta bakin rafi, ba a shanya a unguwarmu sai an duba bututunta. In hayaƙin ya kwanta ya nufi tasha, a fito da fararen kaya. In ya miƙe sama sannan ya sunkuyar da kai kamar tsoho, a kanmu zai sauka. In kuwa ya yi rawaya-rawaya, a rufe taga, a rufe randa, a kwashe yara a yi ɗaki. Ni ke wannan dubawa kowace safiya daga gefen rijiya, maƙwabta su leƙo ta katanga su tambaye ni ko a shanya. Matar kawunka shekara da shekaru tana cewa tatsuniyata ce, har ranar da ta mayar da fararen rigunan mijinta kalar gindin tukunya, ko a nan ba ta yarda ta koya ba. To ita ce kwatsam ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, wai in koya mata. Har da yadda nake jera yashi da gawayi a tukunyar tace ruwa. Na koya mata ina kallonta ta wutsiyar ido. Can sai bakinta ya suɓuce, ta tambaye ni yaya ake ganewa idan damina ta zo, tunda iska takan juya. Angona, damina da sauran watanni! Na ce mata ni ina zan kasance a lokacin da ba za a tambaye ni ba? Sai ta zabura wai girkinta yana ƙonewa. Ko wuta ba ta hura ba.

Saboda haka ku daina wahalar da kanku. Na gane ziyarar nan tafiya ce babu dawowa, kuma na san da hannunka a ciki dumu-dumu. Ban ce mugunta kuka nufa ba. Ba kuma zan yi maka musu a kan garin nan ba. Rafin da uwarka ta koyi iyo a ciki yau ja ne, gobe baƙi, warinsa yana riga shi isowa, kifi kuwa sai a labari. Ruwan rijiya yana ɗanɗanon tsatsa. Ganyen mangwaron tsakar gida sai ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Duk na sani, da hancina nake shaƙa, ba labari aka ba ni ba.

Amma nan ne nawa. Na san ƙarar keken telan layinmu, na san in ya yi shiru to faɗa ake yi shi da matarsa. Na san katangar da kakanka ya gina a karkace ya rantse ƙasa ce ta karkace. In na fita sayen sabulu sai rana ta take ban dawo ba, saboda gaisuwa. Na ga garin nan da kyansa, ba zan juya masa baya don ya yi rashin lafiya ba. A wurinku kuwa me zan zama? Tsohuwa a bakin taga, tana shaƙar iska mai kyau tana jiran a dawo daga aiki a ce mata sannu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Tarina kuke ji saboda yana da ƙara. Akwai wanda ba shi da ƙara a gidan nan. 'Yar Firit, autar kawunka, in ta dawo daga makaranta sai ta dafa ƙofa, ƙirjinta yana fito kamar buta a kan wuta. Yara suna tsere a layi, ita tana zaune tana riƙe musu takalma. Mai allura ta asibitin unguwa ta gaya mini, bayan na matsa mata lamba, cewa likita ya ce wa uwarta yarinyar nan tana bukatar canjin iska, ba yau ba ba jiya ba. Sun ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Kai ma sun ɓoye maka, don kawunka yana jin nauyin ya ce wa ɗan 'yar'uwarsa ya riƙe masa 'ya. Ya fi masa sauƙi ya tura maka uwarsa. To ni ba na jin nauyinka, ni na wanke maka kashi.

Ɗakin da na san kun gyara mini a gidanku, a ba yarinyar nan. Huhuna ya ci zamaninsa, nata ko fara aiki bai yi ba. Na zaunar da iyayenta na gaya musu. Kawunka ya yi ta kame-kame, uwarta kuwa ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, daga baya ta ce in kun yarda ta yarda. Zan kawo ta da hannuna, in ga jariri, in tsokani matarka, sannan ka sa ni a mota in dawo gidana. Ka yi shawara da matarka tsakani da Allah, don ita za ta yi ɗawainiyar, ka ba ni amsa a fili, kada ka biyo ta bakin mai sosa ƙeya. Yarinyar ta ji muna maganar. Ba ta tambayi makaranta ko abinci ba. Cewa ta yi in tambaye ka ko a can ita ma za ta iya shiga tsere. Na ce mata zan tambayi yayanta. Ga shi na tambaya.

Ka gaida matarka da kyau, ka shafa mini kan jariri. Ka gaida surukanka, da ƙanenka Dogo in yana leƙo ku. Kawunka da matarsa da gwaggonka ta bayan kasuwa duk suna gaishe ku. Allah ya yi muku albarka, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum, mai jiran amsa,
Kakarka