Sunaye Huɗu da Suka Dawo

Daren Laraba

Na gaji, amma sai na rubuta wannan.

Mushe, malaminmu, ya ba ni aikin tace jerin masu zuwa Jiratawa ranar Asabar ganin noman rani. A ordinatar, wato kwamfuta, cikin bayanin kowace ɗaliba akwai na ubanta, cikin na uban kuma akwai ko ya sa hannu a takardar izini. Na rubuta umarni cewa duk wadda ubanta bai sa hannu ba a cire ta. Nan take ya yi aiki, har na ji kaina ya fasu.

Da aka liƙa jerin, Rahila ta dafa kafaɗata. "Ke 'yar'uwa, mi na yi miki kika jefar da ni?" Dariya take yi. Babanta yana Tibiri, gwaggonta ke riƙonta a nan unguwar Zariya, ita ta sa hannu tun Litinin. Ni ban duba gurbin mai riƙo ba.

Na zaci Mushe zai faɗa a gaban aji. Sai ya bari aka watse, ya ce a hankali, "Ordinatar ba ta san riƙo ba, ke kin sani. Gaya mata."

Na ƙara sharaɗi ɗaya na sa hannun mai riƙo, sunaye huɗu suka dawo. Sauran ukun sun ga babu su, sun yi shiru kawai. Da Rahila mai kunya ce irina, da motar ta tafi ta bar su duka.

Alhamdu lillahi da bakinta. Asabar kusa da ita zan zauna.